Kyandir ɗin Mama da Faifan Dassa

Tun da na dawo daga Dassa ban samu sakat ba. A ɗakin malamai na makarantarmu ta Samaru a tambaye ni, a bas ɗin Sabon Gari a tambaye ni, har mai sayar mini da manja sai da ta ce, "Malama Monika, an ce kin ƙetare ƙasa, ina tsaraba?" Amsata ɗaya ce kullum, lafiya lau muka je, lafiya lau muka dawo. To ba lafiya lau ba ne. Na yi shiru ne don da na buɗe baki a lokacin, abin da zai fito ba maganar coci ba ce. Yau zan faɗa sau ɗaya, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Dassa gari ne a Jamhuriyar Benin. Akwai kogon dutse a can da aka keɓe wa Uwarmu Maryamu, kuma kowace shekara cikin watan Agusta 'yan Katolika kan taru daga ƙasashe su yi ibada. Zumuntar matan cocinmu ta daɗe tana cewa za ta je, sai bara Allah ya nufa.

Ni ba don yawon buɗe ido na shiga motar ba, don Mama, mahaifiyata, na shiga. Mama na cikin matan da suka fara zumuntar nan tun ana zama a kan benci a gindin darbejiya, amma hawan jini ya shanye mata ɓarin dama, tana kwance a gidanmu na Unguwar Gabas, ko coci ba ta iya zuwa. Sunanta na baftisma Kilara. Ga abokan aikina da ba 'yan Katolika ba, a wurinmu kowa yana da waliyyin da ya ci sunansa, kowace sana'a ma tana da nata, mai yi mata roƙo a gaban Allah. Waliyyiya Kilara ta yi doguwar jinya, ranar wani babban idi ta kasa tashi zuwa Mas, wato babbar ibadarmu ta coci, sai Allah ya nuna mata Mas ɗin a bangon ɗakinta, tana gani tana ji. Shi ya sa aka ba ta talabijin, ita ce waliyyiyarsa. Mama ta san labarin nan kamar sunanta.

Da ta ji an ce zumunta ta ɗauki mai bidiyo, sai ta sa na buɗe ƙasan akwatinta. Wani farin kyandir ne dogo, naɗe cikin tsohon ɗankwali. Bakinta ya yi nauyi, amma na ji kowace kalma. "Ki kunna a bakin kogon. Ki kira sunana da ƙarfi. Mai sunana ta ga nata a bango, ni ma zan ga nawa a akwatin can." Ta nuna wajen falo, inda talabijin yake, da hannun da ke motsi. Na ce an gama, Mama.

Mai bidiyon sunansa Dogara, shagonsa na bakin titin Samaru, aikinsa ɗaukar bikin aure da na zagayowar ranar haihuwar ɗalibai. Yaro ne mai fara'a, da wata riga mai aljihu ko'ina kamar ɗan farauta. Tun a farfajiyar coci na ja shi gefe na gaya masa zancen kyandir. Ya ce, "Haba Anti Monika, wannan ai ƙaramin abu ne." Yana faɗa idonsa na kan Madam Laraba.

Madam Laraba ita ce shugabar zumunta, matar wani tsohon hafsan soja a Basawa. Kowa ya zo da jaka ɗaya, ita ta zo da akwatuna uku. Fada, limamin cocinmu, ya yayyafa wa mota ruwan albarka, muka shiga, ita ma ta shiga, sai Dogara ya ce rana na bayanta, fuskarta ba ta fito ba. Wallahi sai da matar nan ta sauko ta sake shiga, tana ɗaga mana hannu kamar mu ne za a bari a gida. Tun a nan jikina ya ba ni.

Direbanmu ya manna hoton Waliyyi Kiristofa, na matafiya, a gaban sitiyari, amma tayoyinsa sun yi sulɓi kamar tafin hannu. Na ce masa Kiristofa waliyyi ne, ba mai faci ba. Ya yi dariya, kafin Tegina kuwa taya ta fashe. Muka bi ta Mokwa, muka kwana a wani ajin makarantar mishan, sauro ya yi buki da mu. Washegari bayan Kaiama hanya ta ƙare, sai laka ja har gwiwa. Mata suka tattare zane suka sauka turi, wasu sun haifi Dogara, shi kuwa yana kan tudu yana ɗauka, yana cewa, "Ku ɗan yi murmushi mana!" Madam ta jira sai da mota ta kusa fita, sannan ta sauko ta ɗora yatsu a jikin ƙofa. Ita ce ta fi kowa fitowa. Ni kuwa ina turi ina kallon jan ɗigon wutar da ke kan kyamarar, ina jin kamar jinina ne yake ƙonewa, don na san kaset ba ya haihuwa, batir ma haka.

A kan iyaka, a Cikanda, babu wani abin kallo. Igiya ce aka gitta a hanya, da 'yan ɗakuna, da tuta. To tutar ce ta jawo mana. Madam ta ce sai an ɗauke ta a gindinta don a ga shaidar ta taka ƙasar waje. Ga allo nan da hoton kyamara an ja masa jan layi, ko jariri ya san ma'anarsa. Dogara bai gama cewa "ɗan matso" ba sai ga hannun jandarma, ɗan sandan can, a wuyan rigarsa. Suka wuce da shi ciki da kyamarar.

Yesu mai ceto! Duk motar babu mai jin Faransanci, sai ni da aka turo gaba wai malama ce, alhali abin da ya rage mini daga sakandare bai wuce bonjur da mersi ba. Na yi ta bonjur har mutumin ya gaji da amsawa. Wata mai tallan cukui ce, Bahaushiyar can, ta ajiye tirenta ta yi mana tafinta. Ta ce in daina nuna masa takardar coci, in nuna masa kyandir. Na fito da shi na faɗi labarin Mama, tana juya masa. Ya dube ni, ya dubi kyandir, ya cire kaset ɗin da ke ciki ya jefa a aljihun tebur, ya miƙo kyamarar, ya saki Dogara. Mata suka dinga salati wai an rasa hoton turin mota. Madam har da kiran Waliyyi Antoni, mai nemo abin da ya ɓata. Na ce a raina, Antoni na da aikin yi. Da Dogara ya juya baya yana gyara riga, na zura hannu a jakarsa na zare sabon kaset ɗaya na ƙulle a haɓar zanena. Ban ji kunya ba, har yau ban ji ba.

Mun isa Paraku masaukin mishan ya cika, sai aka rarraba mu. Ni da Dogara da wasu mata muka faɗa gidan wata Hajiya a zango, mutuniyar kirki, ta ce kakanta daga Katsina ya zo da fataucin goro. Nan wata sabuwa ta ɓullo. Dogara ya je sa batir a caji, filogin ya ƙi shiga. Namu mai ƙafa uku ne masu faɗi, bangonsu kuwa rami biyu ne 'yan kewaye. Mutumin da ya tuna ya zo da turare kala biyu bai tuna ya tambayi irin wutar ƙasar ba. Na ce, "Dogara, ba a fafe gora ranar tafiya." Ya ce, "Anti, ni ina na sani? Ai na ɗauka soket soket ne."

Muka fita nema da tsakar rana, sai muka tarar da gari a rufe. Wai al'adarsu ce, rana na take tsaka kowa ya ja ƙofar shago ya tafi gida ya ci ya kwanta, sai la'asar. A Sabon Gari ko gobara ake yi a layi na gaba ɗan kasuwa ba zai rufe ba sai ya ga hayaƙi a shagonsa. Hajiya ta ga na dawo ina huci, ta ce, "Zauna 'yata, ki ci abinci." Ta cire wani ɗan baƙin abu na haɗa filogi daga bayan rediyonta, wanda mijinta ya zo da shi daga Kano, ta jona, batir ya kama. Sannan ta dubi matanmu da ke tsakar gida suna gwada ɗaurin ɗankwalin gobe, ta ce a hankali, "Ni kam ban gane ba. Wurin ibada za ku ko wurin biki?" Na sa kai a kwano.

Abinci kam sai a hankali. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dadashi, ga shi babu ko ɗigon sukari. Akwai wani kamar agidi mai tsami da sanyi, da yaji kamar an yi faɗa da mai dakan. Amma cukuin nan soyayye a cikin miya, Allah ya yi masa albarka, shi ya riƙe ni. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne a kan babur, uwa da goyo da kwandon kasuwa tana tuƙa kayanta, babu mai waiwayenta. A Samaru da ɗalibai sun bi ta da ihu. Fetur kuwa a manyan kwalabe a bakin hanya, namu ne na gida, mu muna can muna kwana a layin gidan mai.

Dassa duwatsu ne birjik, kamar an tara dutsen Kufena na Zariya da 'yan'uwansa wuri ɗaya. Mutane kuwa ba a magana. Kowa da tabarmarsa da jarkar ɗiban ruwan albarka, ana Mas da harsunan da ban taɓa ji ba. Abin da ya kama ni shi ne shirun bakin kogon. Tsofaffi da sojoji da masu ciki, kowa a durƙushe, ba ka jin komai sai motsin rosari, carbinmu na addu'a. Sai ga mu mun iso da tulun kiɗa da kacau-kacau, Dogara na tafiya da baya-baya a gabanmu yana taka ƙafafun masu addu'a, Madam na tsakiya cikin leshi. Wata tsohuwa ta ɗago ta dube mu. Da ƙasa ta tsage da na shige.

Ya ɗauki Madam tana durƙusawa. Ya ɗauke ta tana tashi. Ta koma mota ta sake kaya, ya ɗauke ta tana ɗiban ruwa. Duk na je sai ya ce, "Anti, yanzun nan." Da na leƙa na ga alamar batir saura layi ɗaya, ban san lokacin da na shaƙe rigar nan mai aljihu ba.

"Dogara, ka san ni malama ce, na saba da yara masu taurin kunne. Ko ka ɗauki kyandir ɗin nan yanzu, ko kyamarar nan ta kwana a ƙasan rijiyar can."

"Anti, kaset ya kusa cika."

Na kwance haɓar zane na dangwara masa kaset ɗin da na ɓoye. Ya ɗauka ya sa a kyamara. Madam ta ce, "Monika, a gaban Uwarmu kike wannan?" Na ce, "Mama Shugaba, a gabanta kike sake kaya tun safe."

Na durƙusa na kunna. Iska ta kaɗa harshen wutar, na kare da tafin hannu har ya tsaya. Na ɗaga murya na ce, "Uwa Maryamu, Waliyyiya Kilara, ga kyandir ɗin Kilara ta Sabon Garin Zariya. Tana kwance, ba ta iya zuwa ba. Ku dube ta." Daga nan kuka ya ci ƙarfina. Da na tashi Dogara ya ce, "Ya yi, Anti." Ban yarda da shi ba, amma ba ni da yadda zan yi.

Dawowa ba ta da labari, gajiya ce da kumburin ƙafa. Ina shiga gida na zube gaban gadon Mama na fara, "Mama, in kin ga mutane..." Sai ta ɗaga hannu. "A'a. Kada ki ɓata mini. Gani ya kori ji." Ta sa aka ɗauko talabijin daga falo aka kafa a ɗakinta, daidai inda idonta ke sauka. Muka aro na'urar faifai a maƙwabta. Ko ruwan albarkar da na kawo, ta yarda na shafa mata, amma ta hana ni faɗin inda na ɗebo.

Na fara sintiri a shagon Dogara, da ma hanyar makaranta ce. Yau an ɗauke wuta, gobe kwamfuta ta ƙi, jibi yana da biki a unguwar Kongo. Rannan na tsare shi a ƙofa na ce ba inda za shi. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Anti, gaskiya aiki ya daɗe da ƙarewa. Madam ta kwashe duka, har kaset ɗin asali. Ta ce ko ɗaya kada ya fita sai ranar lancin."

Kun san lancin ɗinmu na coci. Ba a fitar da faifai ko kalanda haka kawai. Sai an sa rana, an buga kati, an gayyaci manya, an yanka kirtani, kowa ya tashi ya faɗi abin da zai bayar a tafa masa. Su kuma sun ɗaga ranar har bayan bikin godiyar kaka, wai lokacin mutane na da abin hannu.

Na hau babur har Basawa. Na durƙusa wa matar nan a falonta, ni da girmana. Na ce, "Mama Shugaba, ba kyauta nake roƙo ba. Ki ara mini na yini ɗaya, a ɗaki za ta kalla, ni da ita. Jikin nata ya ƙi."

Ta ce, "Ayya, Allah ya ba ta lafiya. Amma Monika, ki duba. In na ba ki, gobe wata ta ce kakarta ce. In kowa ya gani a gida, wa zai zo lancin? Ai ba ni kaɗai na yanke ba, kwamiti ne."

"Kwamitin nan Mama ce ta koya musu Addu'ar Ubangiji da Hausa."

"Shi ya sa za mu karrama ta ranar. Za mu ɗauko ta a mota, kujerar gaba. Ki yi haƙuri, kamar gobe ne."

Na bi 'yan kwamiti gida gida, kowace ta ce ita ba ta ƙi ba, amma sai abin da shugaba ta ce. Na je wurin katekis, malamin cocinmu, ya ce maganar mata ce, mu sasanta a tsakaninmu. Kai, duniya! Faifan da bai kai faifan rufe kwano nauyi ba, ya zama kamar ana roƙon filin gado.

Mama kuwa kullum da safe sai ta sa an gyara mata matashi ta fuskanci talabijin. In ta ji babur ya tsaya a ƙofa, sai ta juyo da ido. Da na ga numfashinta ya fara sauyawa na ce, "Mama, bari in ba ki labarin ko kaɗan, faifan ya zo daga baya." Ta rufe ido ta girgiza kai. Ta ce, "Zai zo." Wata safiyar Talata na shiga da kunu, na tarar ta tafi, fuskarta na kallon akwatin.

Ranar lancin na je. 'Yan'uwa sun ce kada in je, na ce sai na ga abin da ya fi ran Mama tsada. Zauren coci ya cika, an ɗora babban talabijin a kan tebur, janareta na ruri a waje. Aka yanka kirtani aka kunna. Ga Madam cikin leshi, ga Madam cikin atamfa, hotonta na juyawa yana zama fure, kiɗa na tashi. Ina zaune ina cewa a raina, na san ma yaron nan bai ɗauka ba.

Sai kiɗan ya tsaya. Ga hannuna, ga farin kyandir, ga wutar tana rawa har ta miƙe. Ga kogon a baya, tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Bai girgiza ba, bai sa fure ba, bai rufe da waƙa ba. Muryata ta cika zauren, "ga kyandir ɗin Kilara ta Sabon Garin Zariya." Ashe ya ɗauka. Ashe duk ranakun nan abin da Mama ke jira yana nan, yadda take so, a cikin kwali a ɗakin wata a Basawa.

Aka tsayar da faifan. Wasu mata na share hawaye. Madam ta karɓi makirufo ta ce zumunta ba ta manta da iyayenta ba, don haka kwafi na farko kyauta ne ga marigayiya, 'yarta ta fito ta karɓa. Aka tafa. Na fito. Ta miƙo mini shi naɗe da jan kirtani, ta juya fuska wajen kyamara. Ban karɓa ba, makirufon na karɓa.

Na ce, "Mama Shugaba, ba ni na yi jiransa ba. Ki kai mata da kanki. Kin san kabarinta, ai kin raka gawarta, Dogara ma ya ɗauke ki kina kuka."

Na ajiye makirufon a tebur na bi tsakiyar kujeru na fita, babu wanda ya tare ni. Mai gabatarwa ya rikice ya ce a ci gaba da faifai, wani ya danna inda bai kamata ba, faifan ya koma baya. Har na kai bakin titi ina neman babur, ina jin muryata daga zauren tana cewa tana kwance, ba ta iya zuwa ba, ku dube ta.